Mun Ajiye Baba a Zauren Magina

Ranar da muka kai Baba Zauren Magina, sai da Yaya Harisu ya sa aka wanke motarsa. Ni na ɗauko tabarma da buta da fo, na cusa su a bayan mota, na yafa tsumma a kai kada maƙwabta su gani. Baba na kwance a kujerar baya, ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace, idonsa kuwa tar a kanmu. Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, lokacin da gemu ya yi kasuwa a Daura, kowa ka taɓa sai ya jawo maka aya. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Yaya har kwamitin wa'azi na unguwa aka sa shi.

Dalili ba ya ƙarewa a bakin mai son kansa. Matar Yaya, Hajiya Zubaida, ta ce ita ba jinya ta ƙi ba, amma ina ita ina ganin tsiraicin suruki? Mutumin da ko sunansa ba ta faɗa, shi za ta riƙe wa fo? Matata Barakatu ta ce abin da ya hana babba shi ya hana ƙarama, ga shi kuma gidanmu ciki da falo ne. Mu 'ya'yansa maza, da wankan ya hau kanmu, muna wajen aiki daga safe har la'asar. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne Yaya ya sa tayil a sabon gidansa, manyan baƙi na zuwa, kuma ɗakin Baba ya fara wari.

"Shi da kansa ya fi son can," in ji Yaya yana tuƙi, kamar Baba ba ya cikin motar. "Nan ya yi rayuwarsa. Ga iska, ga jama'a na shiga suna fita, ba zai yi kewa ba. Ko ba haka ba, Sabiru?"

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Wannan "haka ne" ita ce sana'ata ta biyu bayan gini, kuma na fi ƙwarewa a kanta.

Duk wanda ya san tsakiyar gari ya san zauren nan, tsohon gini na ƙasa mai zanko huɗu, shaguna sun matse shi ta ko'ina. Maginan Daura ne suka haɗu suka gina wa kansu tun zamanin Turawa, don su sami inda za su zauna su raba aiki, su sasanta rigima, su yaye masu koyon sana'a. Kakanmu ne ya ɗaura azarar rufinsa. Al'adar magina ce duk shekara, kafin ruwan farko, kowa ya ajiye aikinsa rana guda, a hau kan zauren a yi masa yaɓe, a toshe tsagu, a share indararo. Shekara arba'in Baba, Ɗantsoho magini, yana gaban wannan gayya.

Da Yaya ya zama shugaban ƙungiya sai ya ce an wuce zamanin wasa da laka. Aka shafe zauren da siminti ciki da waje, har kan rufi, aka yi masa koren fenti. Ni na yi shafen da hannuna. A lokacin Baba na da ƙafarsa, ya tsaya a ƙasa yana ɗaga mana murya.

"Ƙasa numfashi take yi, ku 'yan nan! In kun rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ta ina zai fita?"

Muka yi dariya, muka ce tsoho ya ga ana kashe masa kasuwa. Shekara uku ke nan ba wanda ya sake hawa kan rufin.

Muka shimfiɗa masa tabarma a jikin bangon gabas. Bai kalle mu ba, sama yake kallo, yana bin azara ɗaya bayan ɗaya da ido. Muka yi shawara a bakin ƙofa: ni zan riƙa zuwa da safe, in wanke shi in ba shi koko, Yaya kuma ya zo da yamma da tuwo. Yaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, har masu wucewa suna cewa amin.

Makon farko na cika alkawari. Baba bai taɓa cin abinci da hagu ba, kuma bai ga dalilin da zai fara da tsufansa ba. In ba a ba shi a baki ba, haka kwanon zai wuni a rufe, ƙudaje na zagaya shi. Ina ba shi ina duban agogo. Wataran ludayi biyar ya sha in ce ya ƙoshi, in goge masa baki in tashi. Ba ya iya magana sai wani gurnani da ke fitowa ta gefen baki, don haka ba ya iya ƙaryata ni.

Jama'ar da Yaya ya ce za su ɗebe masa kewa sun zo sau ɗaya, ranar taron wata. Suka shigo da sallama, suka durƙusa suka gaishe shi, wasunsu yaransa ne da ya koya wa riƙon tubali. Kafin a buɗe taro da addu'a kowa ya ja gefen riga ya kai hanci. Malam Hussaini, magatakardan ƙungiya, ya yi gyaran murya ya ce bai kamata a riƙa damun maras lafiya da hayaniya ba. Nan take aka amince a mayar da taro falon Yaya. Ban taɓa ganin magina sun yarda da abu ɗaya da sauri haka ba.

Daga ranar zauren ya zama na Baba shi kaɗai, shi da jemagu.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan biyar. Washegari na shigo na tarar da shi ya jawo jiki ya manne da bango, yana ƙwanƙwasa shi da gaɓoɓin yatsun hagu. Ya buga nan, ya kalle ni. Ya matsar da hannu ya buga can, ya sake kallona.

Ba sai an fassara mini ba. Tun ban kai tsawon jarka ba ya koya mini wannan. Magini ba ya tambayar bango lafiyarsa, ƙwanƙwasa shi yake yi. In ya amsa da nauyi, lafiya lau. In ya amsa kamar ƙwarya a kife, shafe ya rabu da ƙasa, ciki ya ruɓe. Bangon nan kamar ƙwarya yake amsawa, tun daga ƙasa har inda hannun Baba ya iya kaiwa.

Na ce, "Na ji, Baba. Za a duba."

Da yamma na jira Yaya a ƙofar zauren na gaya masa. Ya leƙa daga waje, Baba na ta bugu.

"Taimama yake yi," in ji Yaya. "Bawan Allah, ko a wannan hali bai bar salla ba."

Na dube shi, ya dube ni. Mu biyun mun san ba a taimama da bayan yatsu. Amma in aka ce bangon ya ruɓe, an ce simintin Yaya kuskure ne, kuma hannuna ne ya shafa shi. An kuma ce sai a mayar da Baba gidan ɗayanmu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya karɓa."

Jikin bangon gabas, ta waje, shagon Okafor ne mai sayar da kayan gyaran mashin. Ya fi shekara ashirin a Daura, shi da matarsa Nwanneka, wadda kowa ke kira Maman Ada. Ita ce ta tare ni wata safiya ina ƙoƙarin tayar da mashin, hannunta riƙe da kwalin da ya jiƙe.

"Malam Sabiru, bangonku yana zufa. Dubi kayanmu. Ku ba magina ba ne?"

"Za a gyara, Madam."

"Tun yaushe za a gyara? To bar ta kaya. Tsohon nan fa? Ka san da rana yana kuka? Ta bango muke jin sa."

Kunya ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa, yadda marar gaskiya kan yi. Na ce, "Madam, ki kula da shagonki. Mu mun san haƙƙin uba, ba sai an koya mana ba." A zuciyata har cewa nake, wadda ko alwala ba ta sani ba ita za ta yi mini wa'azi? Ta yi mini wani kallo tun daga hula har takalmi, ta koma cikin shago.

A watan shida ƙanwarmu Maiturare ta zo daga Baure, inda take aure. Yaya ya gaya mata a waya wai an kai Baba inda ya fi iska. Ta sauka daga mota ta wuce zauren kai tsaye. Ko da muka iso tana zaune a ƙasa, ta ɗora kan Baba a cinyarta, ta yaye masa riga. Bayansa ya fara salewa saboda kwanciya wuri ɗaya. Ga kwanoni uku da na jera a tsakar zauren suna tarar yoyo.

"Yaya Alhaji, nan ne inda ya fi iska?"

"Ke, rage murya, a kasuwa muke."

"Ba zan rage ba. Ku ba ni shi in tafi da shi. Maigidana ya yarda, da shi muka yi maganar. Akwai ɗaki, ni zan yi masa komai."

Yaya ya gyara zaman hularsa. "Ki ɗauki ubanmu ki kai shi gidan miji? Muna raye, mu biyu maza? Me duniya za ta ce? A ce Alhaji Harisu ya kasa riƙe mahaifinsa sai suruki a ƙauye? So kike ki tona mana asiri?"

"Asirin da ke kwance a tsakiyar kasuwa?"

"Na gama magana. Gyara ake yi wa ɗakinsa, da an gama zai koma."

Babu gyaran da ake yi. Ɗakin Baba buhunan siminti ne a ciki, ni na taya saukewa. Maiturare ta juyo gare ni, hawaye har wuya.

"Yaya Sabiru, kai ma ba za ka ce komai ba? Kai magini ne. Dubi rufin nan ka gaya mini tsakaninka da Allah, zai kai kaka?"

Na ɗaga kai. Azara biyu sun yi ciki, garin gara na zubowa daga jikinsu siriri. Ko makaho ya shafa ya san amsar. Baba ma ya juyo da idonsa gare ni, yana jira.

Na ce, "Ai Yaya ya gama magana. Ba a jayayya da na gaba."

Ta kwana biyu tana jinyarsa, mijinta ya aiko ta koma saboda yara da shuka. Da za ta tafi ba ta yi mini sallama ba. Ni kuwa har daɗi na ji da ta tafi, don idonta ya fi ƙarfina.

Daga nan zuwana ya fara ramewa. Ba ƙyamar wari ba ce, na saba da shi. Bugun bangon ne ba na iya ji. Da ya hango ni a ƙofa zai fara, har fatar yatsunsa ta fashe, ta bar jini a kan koren fentin. Sai na koma zuwa bayan kwana biyu, sannan bayan uku. Ina ce wa kaina ai Yaya na zuwa da yamma. Ban taɓa tambayarsa ba, don kada shi ma ya tambaye ni. A masallaci in aka ce, "Ya jikin Baba?" sai in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A ce, "Allah ya ba ku ladan jinya." In shafa, in ce amin.

Watan takwas ya shigo da marka. Aka yi kwana uku ana mamako, rana ba ta leƙo ba. Ranar Juma'a da hantsi na bi ta bakin layin a kan mashin, na hango zanko ɗaya ya karkata kamar hular ɗan tauri. Rabona da shiga tun Litinin. Na rage gudu, ƙafata har ta taɓa ƙasa. Sai na tuna farar shaddata da Barakatu ta goge, da laka da ke ƙofar zauren. Na ce bari a sauko daga masallaci.

Liman na yin sallama muka ji ana ihu daga waje.

"Zauren Magina ya rufta! Zauren Magina ya rufta!"

Ban san inda na bar takalmana ba. Ko da muka isa, rufin gaba ɗaya ya zauna a ciki, azara sun yi cirko-cirko, ɓawon simintina ya fashe falle-falle a kan jar laka. Yaya ya faɗa kan tarin yana tono da hannu, yana kiran, "Babana! Babana!" Ni ma na faɗa. Jama'ar masallaci suka rufa mana baya, wasu na salati, wasu na riƙe Yaya suna ba shi haƙuri. Na ji wani na cewa, "Allah sarki, dubi yadda suke son mahaifinsu." Ina tono ina kuka, kuma ko a lokacin akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa, in ya mutu shi ke nan, ba wanda zai san komai.

An daɗe ana jan rigata kafin in waiwaya. Okafor ne, jikinsa duk laka, goshinsa na jini.

"Malam Sabiru, tun ɗazu nake kira. Ku bar tono. Baba yana shagona."

Duk garin maza suna masallaci, Okafor da matarsa kaɗai suka rage a layin. Maman Ada ce ta ji siminti na faɗowa, ta kira mijinta, suka shiga suka kama tabarmar ta gefe biyu suka jawo shi. Ba su kai ƙofar shagonsu ba rufin ya sauka.

Muka shiga, jama'a na biye da mu, masu leƙe na leƙe ta kan kafaɗar juna. An share wuri tsakanin tayoyi da kwalaye, an shimfiɗa katifa. Baba na kwance a kan ɓarinsa, an cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, an rufa masa zanen atamfa zuwa ƙugu. Bayansa a buɗe yake. Gyambo uku, kowanne ya kai tafin hannu, an wanke su an shafa magani. Haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Salatin da ake yi ya tsaya cak. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya ya fara dawowa hayyacinsa. Ya share fuska, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Alhamdu lillahi! Allah ya tsare. Mun gode, Okafor, Allah ya shirye ka. Sabiru, ɗauko shi mu tafi gida."

Na durƙusa na miƙa hannu. Baba ya dube ni. Babu fushi a idonsa, da ma fushin ne da na ji sauƙi. Ya sa hannun hagu ya jawo zanen a hankali, ya rufe ƙirjinsa har wuya, ya riƙe gam, yadda mutum kan yi in baƙo ya faɗo masa ɗaki ba sallama.

Na ce, "Baba, ni ne. Sabiru ne."

Ya ƙara damƙe zanen.

Okafor ya dafa kafaɗata. Ya yi ƙasa da murya don ya rufa mini asiri, amma shagon ya yi tsit, kowa ya ji.

"Bari ni in ɗauke shi. Ya saba da hannuna."

Na kalli Yaya, Yaya ya kalli ƙasa. A nan na gane shi ya fi wata bai taka zauren ba. Ni ina cewa yana zuwa da yamma, shi yana cewa ina zuwa da safe. Wanda ke juya Baba, ya wanke shi, ya ba shi abinci a baki kafin ya buɗe shago, shi ne mutumin da na ce wa matarsa mun san haƙƙin uba.

Okafor ya goya shi. Baba ya saƙalo wuyansa da hannu ɗaya, ya kwantar da kai a kafaɗarsa. Jama'a suka dare. Mu biyu muka bi bayansu zuwa mota, magina 'ya'yan magini, hannuwanmu ba komai sai laka. Malam Hussaini ya tofar da yawu a gefe, ko da yake shi ma ya san hanyar zauren.

Ba wanda ya kai mu gaban alkali. Ba mu yi sata ba, ba mu sha giya ba, wandunanmu ba su wuce idon sawu ba. Abin da muka yi ba shi da bulala a duniya, kuma na san gidaje a garin nan da ke da irin zaurenmu, sai dai nasu a ƙuryar gida yake, rufinsa bai faɗo ba tukuna. Kunyar suruki ta hana matanmu, kunyar duniya ta hana Yaya, kunyar na gaba ta hana ni. Duk wannan tarin kunya, ba wanda ya ji kunyar tsohon da ke kwance. Kada wani ya ce Yaya ne mai laifi ni ɗan rakiya ne. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo.

Washegari Maiturare ta zo da mijinta suka tafi da shi Baure. Wannan karon Yaya bai tambayi abin da duniya za ta ce ba, ta riga ta faɗa. Baba ya yi shekara ɗaya da wata huɗu a can, bayansa ya warke, har ya ɗan yi kumari. Duk ranar Asabar ina zuwa. In zauna a bakin ƙofa in gaishe shi, ya ɗaga mini kai yadda ake amsa wa baƙo. In na matsa zan gyara masa matashi, sai ya ja jiki.

Hannuna bai sake taɓa jikin mahaifina ba sai ranar da muka yi masa wankan gawa, ranar da ba shi da ikon hana ni.